Jakunkunan Ruwa a Ƙoda da Galan Ɗin Jiƙo: Lamarin Wani Manomi a Ƙasar Argungu

Mutumin da gidansu

Manomin shinkafa ne a wani ƙauye na bakin fadama a ƙasar Argungu, jihar Kebbi. Shekarunsa 44 lokacin da abin ya taso, matansa biyu, 'ya'ya tara. Ni ma'aikacin lafiya ne a ƙaramin asibitin garin, kuma ƙanwarsa nake aure, don haka Yaya nake ce masa. Da izininsa na rubuta wannan, bisa sharaɗin ba suna. Alƙaluman da za a gani daga katinsa na asibiti suke, sai littafin awon jini da muka buɗe masa daga baya.

Mahaifinsu ya rasu a 2002, bai kai sittin ba. Ƙafafunsa ne suka fara kumbura, sai fuska, sai amai da ƙin abinci, har rai ya yi halinsa. A gida kumburi aka kira cutar, wasu kuma suka ce sammu ne, don a lokacin ana rigimar iyakar gona. Wata goggonsu ma haka ta tafi. Ba wanda aka yi wa hoton ciki a cikinsu.

Akwai wata al'ada tasa da ba wanda ya ɗauka a bakin komai. Duk ranar da ya yini yana ban ruwa ko yankan shinkafa, kafin ya shiga gida sai ya biya kemis a haɗa masa maganin gajiya: ƙwayoyi uku ko huɗu a ƙullin leda, a ciki har da dikulofenak, ƙwayar kashe ciwo. Ya fi shekara goma yana haka, kamar yawancin majiya ƙarfin garinmu.

Nuwamba 2022: jini a fitsari

Bayan girbin damina, yana cikin ɗora buhuna a mota ya ji wani abu ya soke shi a kwiɓin dama. Da dare fitsarinsa ya fito ja kamar ruwan zoɓo. Washegari ya same ni a wurin aiki.

Duk wanda ya tashi a bakin gulbi, in ya ga jini a fitsari, tsargiya zai fara kawowa a ransa. Ni ma ita na kawo. Na auna nauyinsa, na ba shi farazikwantel, maganin tsargiya, daidai da nauyin, na sallame shi. Ban auna hawan jininsa ba ranar, ban kuma tambaye shi cutar da ta kashe mahaifinsu ba, alhali na san labarin. Har yau wannan na damuna.

Bayan kwana biyu jinin ya ɗauke, muka yi zaton magani ne ya ci. Daga baya muka fahimci wasu jakunkunan ruwa ne ke cikin ƙodarsa, ɗaya daga cikinsu ce ta fashe da ɗaukar kaya, kuma irin wannan jinin yakan tsaya da kansa cikin 'yan kwanaki. Ciwon kwiɓin kuwa bai tafi ba. Ya koma nauyi, kamar an rataya masa dutse a ƙugu. Ya ƙara yawan ƙullin kemis.

Janairu 2023: sikanin a Birnin Kebbi

A ƙarshen watan, daidai lokacin da canjin kuɗi ya sa tsabar naira ta yi wuya, muka je Birnin Kebbi. Ga abin da aka samu:

Hawan jini 164 bisa 102. Ƙodar dama tsawonta santimita 16, ta hagu 15, alhali ta babban mutum mai lafiya takan tsaya tsakanin 10 da 12. Duka biyun cike da jakunkunan ruwa manya da ƙanana, har mai hoton ya daina ƙirga. Akwai 'yan kaɗan a hanta. Kiriyatinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, ya kai 118, ya ɗan haura ƙa'ida. Lissafin ƙarfin tacewar ƙodar ya ba da 68, inda mai lafiya kan samu 90 zuwa sama.

Likitan ya tambayi tarihin gida, da ya ji na mahaifinsu da goggonsu sai ya gyaɗa kai. Ya zana mana a bayan takarda. Kowace ƙoda na da 'yan ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, kowace da siririn bututunta. A wannan cutar bangon bututun ne ke bullutsowa, ya ware ya zama jaka, ya riƙa tara ruwa yana girma shekara da shekaru, yana matse naman ƙodar mai kyau. Cutar gado ce. In uba ko uwa na da ita, kowane ɗa na tsakanin ya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi. Kusan rabin masu ita kan kai ga wankin ƙoda ko dashe kafin su cika shekara 60, sauran kuma ƙodar kan kai su tsufa. Hawan jini na daga manyan abubuwan da ke gaggauta lalacewar, shi ne kuma wanda ya fi sauƙin kamawa.

Ya rubuta masa lisinofiril, maganin hawan jini, ya ce ya rage gishiri, ya yawaita shan ruwa, ya rabu da ƙullin kemis, ya dawo bayan wata uku. Yaya ya tambaya: "Likita, to wane magani ne zai narkar da su?" Likitan ya ce babu maganin da ke narkar da su, sai dai a tsare ƙodar.

A mota muna dawowa ya yi shiru har muka wuce rabin hanya. Can ya ce, "Malam, ka ji dai. Sun ce ba magani." Na ce ba haka aka ce ba. Bai amsa ba. Cikin bayanin rabin sa'a, wannan guntun kaɗai ya shiga kunnensa. Ya sha lisinofiril wata ɗaya, da kwalin ya ƙare bai sake saya ba, don a cewarsa bai ji ya rage masa nauyin kwiɓi ba.

Fabrairu 2023: tsohon mai magani

Wurin da ya fara zuwa gidan wani dattijo ne a ƙauyen da ke gaba da namu, wanda ya gaji sana'ar magani kaka da kakanni. Na raka shi. Tsohon ya sa ya kwanta a tabarma, ya danna cikinsa ta gefe da gefe, ya daɗe hannunsa na wurin. Sannan ya tambaya ko shi ɗan wane ne. Da aka faɗa masa, ya ce shi ya yi wa mahaifinsu magani a ƙarshen rayuwarsa, bai kuma ci ba.

"Ɗana," in ji shi, "wanga abu a jininku yake. Ni ba ni da abin da ka fid da shi. Zan ba ka abin da zai sassauta maka ciki, amma kada ka bar na asibiti."

Ya ba shi ganyen sabara da ɗan sassaƙen marke, ya ce a jiƙa a sha rabin kofi da safe na mako biyu, a dakata. Kuɗin goro kawai ya karɓa. Yaya ya sha, ya ce cikinsa ya ɗan saki, amma nauyin na nan. A ƙarshen watan na auna shi: 160 bisa 100. Maganar tsohon ba ta yi masa daɗi ba. Ya ce tsufa ne ya sa ya rasa ƙarfin gwiwa.

Maris zuwa Afrilu 2023: galan ɗin kwana arba'in

Ranar 10 ga Maris ya dawo daga wata babbar kasuwa da galan mai lita biyar. Wurin wani mai mota da lasifika ya samo shi, irin masu tallar maganin basir da sanyi da ƙoda duk a numfashi guda. Mutumin ya karɓi takardar sikanin ya duba, ya ce ya sha ganin irinta, kwana arba'in jakunkunan za su narke su fita ta fitsari. Da yake ba tsabar kuɗi, buhu biyu na shinkafa shanshera aka yi ciniki, a kan galan uku.

Bai gaya mini ba. Uwargidansa ce ta faɗa mini daga baya, ita ce kuma ta nuna mini galan ɗin a bayan randa. Ruwan baƙi-baƙi ne, ɗaci kamar maɗaci, da gafin kanwa mai kama harshe. Guntayen saiwa na yawo a sama. In aka bar shi ya kwanta, wani farin gari kan taru a gindi, shi ya sa mai maganin ya ce a girgiza sosai kafin a sha. Kofi ɗaya safe, ɗaya yamma.

Makon farko ya ji daɗin da ya daɗe bai ji ba. Ko sa'a ɗaya ba a yi da sha ciwon kwiɓin ke ɗaukewa. Ya kuma riƙa zawo sau uku ko huɗu a rana, mai maganin ya ce a waya dattin ne ke fita, kada ya tsaya.

Ranar 23 ga Maris aka ɗauki azumi. Duk wanda ya san Kebbi a wannan lokaci ya san zafinta, rana kan haura digiri 40. Shinkafar rani na neman ruwa, shi ke tayar da inji da kansa. Ya mayar da shan jiƙon sahur da buɗe baki. Ga zawo, ga gumi, ga yini ba ruwa. Cikin goman ƙarshe ya fara ƙin abinci, fitsarinsa ya ragu har bai fi cikin kofin shayi ba a yini. Takalminsa ya daina shiga. Ranar 14 ga Afrilu, bayan la'asar, yaransa suka ɗauko shi daga gona a kan babur yana amai.

Na auna shi: 186 bisa 112. A daren muka wuce Birnin Kebbi, uwargidansa na rungume da galan ɗin a cinya, don na ce kada a baro shi.

14 zuwa 23 ga Afrilu: kwana tara a gado

Kiriyatinin ya tashi daga 118 zuwa 410. Sabon hoto ya nuna jakunkunan na nan yadda suke, bayan kwana 35 ana shan jiƙo. Likitoci suka ce rauni ne na farat ɗaya ya hau kan tsohuwar cuta. Aka dakatar da komai, aka riƙa ƙara masa ruwa a hankali ana auna abin da ya shiga da abin da ya fita, aka sa shi a amlodifin, wani maganin hawan jini. An gaya mana mu shirya, in bai juyo ba cikin kwana biyu za a kai ga wankin ƙoda. A rana ta uku fitsari ya fara dawowa. A asibiti ya yi ƙaramar Salla. Ranar sallama kiriyatinin 230.

Likitan da ke duba shi ya ɗaga galan ɗin a hasken taga, ya lissafa mana abu huɗu.

Na ɗaya farin garin nan. Ba a kai shi ɗakin gwaji ba, amma zarginsa shi ne daƙaƙƙun ƙwayoyin kashe ciwo ne, dangin dikulofenak, don saurin ɗaukewar ciwon ya yi kama da aikinsu. Waɗannan ƙwayoyi kan rage jinin da ke shiga ƙoda, illarsu kuma ta fi tsanani in jiki ya bushe. Na biyu zawon, wanda ya zuƙe ruwan jiki a tsakiyar azumi da bazara. Na uku kanwa: sinadarin sodiyam ne jigonta, kamar gishirin miya, tana riƙe ruwa tana ɗaga jini.

Na huɗu saiwar. Uwargida, wadda ta tashi gidan masu sassaƙe, ta tsamo guntu ɗaya ta shinshina ta ce duman dutse ne. Likitan ya ce in haka ne abin ya ƙara muni. Tsirran wannan dangi na ɗauke da wata guba da ke ƙona matatan ƙoda ta bar tabon da ba ya gyaruwa, tana kuma haddasa sankarar hanyar fitsari. Duniya ta farga da ita ne a farkon shekarun 1990 a ƙasar Beljiyam, inda mata sama da 100 suka samu ciwon ƙoda bayan shan maganin rage ƙiba da aka haɗa da wani tsiro na danginsa, da yawansu har suka kai ga wanki ko dashe.

Yaya na kwance yana saurare. Da likitan ya fita ya ce mini, "Ashe tsohon nan gaskiya ya gaya mini."

Mayu 2023 zuwa ƙarshen 2024: abin da aka tsara

Ba wani sabon abu aka kawo ba. Shawarar Janairu ce, sai dai wannan karon an bi ta.

Muka haɗa kuɗi aka sayo na'urar awon jini mai batir. Babbar 'yarsa, wadda ta gama sakandare, ita ke auna shi safe da dare tana rubutawa a littafi. Wannan littafin ya yi aikin da bakina ya kasa. Hawan jini ba a jin sa a jiki, amma da ya ga lamba na sauka in ya sha magani, tana hawa in ya yi fashin kwana biyu, ya daina cewa ƙwayar ba ta aiki. A Yuni, da ƙodar ta daidaita, aka mayar masa da lisinofiril a kan amlodifin, aka sake gwajin jini bayan mako biyu don a tabbatar bai ɗaga masa fotasiyam ba, wani sinadari a jini da yawansa ke da haɗari.

Girki ya fi komai wahala. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya shi ne kada gishirin mutum ya wuce giram 5 a rana, ƙasa da cikin ƙaramin cokali, a haɗa da wanda ke cikin dunƙulen miya. Aka ware masa tukunya. Aka cire kanwa daga miyar kuka da wake, ya bar kunun kanwa gaba ɗaya, aka ƙara albasa da tafarnuwa da citta don miya ta yi armashi. Watan farko ya yi ta faɗa da matansa a kan lami. Daga baya harshe ya saba.

Ruwa: gorar lita ɗaya da rabi, ya shanye biyu a yini, ya ƙara in yana gona. Ciwo: farasitamol kaɗai, da tsumma mai ɗumi a kwiɓi. Ɗaukar buhu ya bar wa yara. An kuma koya masa cewa duk ranar da amai ko zawo ya kama shi, ya dakatar da lisinofiril ya neme ni.

Ba a raba shi da na gargajiya kwata-kwata ba. Likitan ya amince masa da kofin zoɓo marar sukari jefi-jefi, don bincike ya nuna yana ɗan sauke jini, da sharaɗin ba zai maye gurbin ƙwaya ba. Kwaɗon zogale ma yana ci a matsayin abinci, tunda gwajinsa na fotasiyam na fitowa daidai. Ƙa'idar da muka yi da shi ɗaya ce: duk abin da za a ba shi da sunan magani, ya kawo a gani kafin ya kai baki. A Oktoban 2023 wani ɗan'uwa ya aiko masa da kwalbar kafso da ya saya ta Facebook, an rubuta tana wanke ƙoda. Ba jerin abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC. Ya kawo mini ita a rufe.

Azumin 2024, wanda aka fara 11 ga Maris, shi ne jarrabawa mafi nauyi a gare shi. Likita ya ce kada ya yi, ganin abin da ya faru bara da yanayin zafi. Ya je wurin limamin garin, liman ya karanta masa ayoyin Suratul Baƙara da suka yi rangwame ga marar lafiya, ya ce ya ciyar. Ya ciyar, amma ya gaya mini kunyar shan ruwa da rana ta fi masa ciwon kwiɓi zafi. A ɗaki yake ɓuya ya sha.

A Agustan 2024 zazzaɓi ya kama shi da ciwo a gefe ɗaya. Gwajin maleriya bai nuna komai ba. Wata jaka ce ta kamu da ƙwayar cuta. An ba shi maganin ƙwayoyin cuta na makonni, ya warke ba tare da kwanciya ba, don a rana ta biyu ya zo.

Mun tambaya game da tolbaftan, ƙwayar da aka amince da ita a Amurka a 2018 don rage saurin girman jakunkunan. Ita ma ba ta narkar da su, tana sa yawan fitsari da ƙishi, tana buƙatar gwajin hanta a kai a kai, kuɗinta kuma ya fi ƙarfin manomi. Muka bar zancen.

Dangi

Da labari ya bazu, wasu suka ɗora laifin a kan auren zumunci. Likitan ya ce wannan nau'in ba ya buƙatar haka, mahaifi ɗaya ya isa ya gadar da shi.

Babban wansu, mai shekara 58, ya je sikanin a tsorace. Aka ga jaka ɗaya tak a ƙodar hagu, mai siririn bango da ruwa garau. Aka ce masa wannan ta tsufa ce, ana yawan ganinta ga waɗanda suka haura 50, ba ta buƙatar magani, kuma a shekarunsa jaka ɗaya shaida ce cewa bai gaji cutar ba. Kafin ya je asibiti har ya fara tambayar inda ake samun mai galan.

Ƙanwarsu, matata, shekarunta 36. A Yulin 2023 aka yi mata hoto. Jaka bakwai, a ƙoda biyun. Ga mai tarihin gida da bai kai 40 ba, uku sun isa a tabbatar. Jininta 146 bisa 94, ba ta taɓa jin ciwon komai ba. Ta fara magani a makon.

Inda aka tsaya, da abin da na gani

Awon Yunin 2025: hawan jini na yawo tsakanin 124 bisa 78 da 132 bisa 84. Kiriyatinin 172, ƙarfin tacewa 42. A Satumban 2023 kiriyatinin 165 ne, ƙarfin tacewa 45. Ƙodar dama ta kai santimita 17. Yana noma, ba ya wankin ƙoda.

Jakunkunan ba su ragu ba, ba kuma za su ragu ba. Amma a dubi lambobin. Cikin kusan shekara biyu na bin tsari, maki 3 ya rasa. Tsakanin Janairu da Satumban 2023 kuwa, daga 68 ya faɗo 45, bai kuma koma ba. A ganina mafi yawan wannan asarar ta kwana 35 ɗin nan ce, da watannin da ya yi jininsa na sama ba magani. Shekaru ne na aikin ƙoda aka ba da buhu biyu aka sayar.

Ba zan ce maganin gargajiya ne ya cuce shi ba, don masu magani biyu ya gani. Na farko ya taɓa cikinsa, ya tambayi asalinsa, ya faɗi iyakar saninsa, ya ƙayyade kwanaki, ya tura shi asibiti. Jiƙonsa bai taɓa jakunkunan ba, shi ma bai ce zai taɓa ba. Na biyu ya yi alkawarin abin da ba mai iyawa, ya ɓoye abin da ya zuba, da alamar haɗari ta bayyana kuma ya ce waraka ce. Mu ma na asibiti muna da namu kason. Ni na yi sakaci a Nuwamba. A Janairu kuma an faɗa wa mutum mai tsoron mutuwar ubansa cewa ba abin da ke narkar da cutarsa, ba a tsaya an tabbatar ya ji rabin maganar na biyu ba, ni da ke zaune kusa da shi ma ban bi shi gida da ita ba. Da ƙarewar kwalin farko na je na duba, da wataƙila bai kai ga kasuwa ba.

Tsohon mai maganin yanzu yakan turo mini duk wanda ya zo masa da kumburin ƙafa ko jini a fitsari, in auna shi kafin ya ba shi komai. Mutum huɗu ya turo bana. Mai lasifika kuwa an ce yana nan yana zagaya kasuwanni.

'Ya'yana huɗu ne da ƙanwarsa. Likita ya ce ba a gaggawar yi wa yara hoto, a bari su girma su zaɓa da kansu, amma a riƙa auna jininsu sau ɗaya a shekara. Babban yana da shekara 15. Watan jiya na auna shi, 112 bisa 70, na rubuta a shafin ƙarshe na littafin mahaifiyarsa.